Kwabon da Ba a Gani: Shin Toshe Talla a Intanet Cin Haƙƙi Ne?

A ƙaddara wani malamin firamare ne a garin Fassi, cikin ƙaramar hukumar Kibiya ta ƙasar Rano, yana zaune a kan dakali bayan sallar isha'i da waya a hannunsa. Ya sayi data ta naira 500, yana fatan ta kai shi ƙarshen mako. Ya ji ƙishin-ƙishin wata sanarwa game da albashi, sai ya buɗe shafin wata jaridar Hausa domin ya tabbatar. Kafin kanun labarin ya gama fitowa, wani bidiyo ya kunna kansa a ƙasan allo. Tallan kamfanin caca ya rufe rabin rubutun. Ya laluba ɗan maɓallin rufewa, yatsansa ya kuskure, aka jefa shi wani shafin da ke masa albishir da bashin gaggawa ba tare da jingina ba. Da ya komo, ga hoton da ba zai so ɗansa ya leƙo ya gani ba. Bayan kwana biyu wani ƙanensa da ke karatu a Kano ya nuna masa inda ake kunna toshe talla a Opera Mini. Tun daga ranar shafin ya zama fes, yana buɗewa nan take, data kuma tana auki.

A birni kuwa akwai matashin da ya rubuta labarin. Ya hau Adaidaita Sahu zuwa sakatariya, ya jira jami'i tun hantsi har azahar, ya sayi fetur ya tayar da janareta, ya biya kuɗin ajiye shafinsa a intanet da dala. Ba ya sayar da jarida a bakin titi, ba ya karɓar ko sisi daga mai karatu. Abin da yake ci da shi shi ne tallan nan da malamin Fassi ya toshe. Dukansu biyu masu neman halal ne, kuma babu wanda ya san ɗan'uwansa. Tambayar ita ce: shin malamin ya ci haƙƙin matashin?

Farashin da aka ɓoye

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Sunan jaridar kansa ya bayyana cinikin: mai karatu ya miƙa kwabo, a ba shi abin da ya fi kwabo daraja. Ko a wancan lokacin kwabon bai ɗauki nauyin takarda da tawada da albashi ba, hukumar mulkin mallaka ce ke cike giɓin, kuma tana da tata bukatar. Fiye da shekara 100 kafin nan, a 1833, Benjamin Day ya fito da jaridar New York Sun a kan santi 1, ya bar masu talla su biya ragowar. Dabararsa ita ce ta zama gadon kafofin labarai na zamani: a tara idanun jama'a da araha, sannan a sayar wa 'yan kasuwa da idanun.

Intanet ta kai wannan dabara maƙura. An sanya tallan allo na farko a shafin HotWired a watan Oktoban 1994, daga nan kwabon ya ɓace daga idon mai karatu, ya saba da cewa labari kyauta ne. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk lokacin da mutum ya buɗe shafi mai talla, cikin ƙiftawar ido ana yin gwanjo a kansa. Ana aika wa kamfanoni bayanin irin wayarsa, da yankin da yake, da abubuwan da ya saba dubawa, su kuma su yi tayi. Wanda ya fi tsada shi ke samun gurbin. Dillalai, waɗanda Google ne babbansu, su cire la'adarsu, ragowar ta isa ga mai shafi.

Ragowar nan ba ta da yawa. Ana lissafa kuɗin ne a kan kowane kallo 1,000, kuma idon mai karatu a Najeriya ba ya tsada a wannan gwanjo kamar idon mai karatu a Amurka ko Ingila, domin masu talla suna auna abin da ke aljihun mai kallo. Tsarin AdSense na Google ba ya fitar da kuɗi sai sun taru sun kai dala 100. In aka ɗauka, don misali kawai, ana biyan dala 1 a kan kallo 1,000, to sai an kalli talla sau 100,000 kafin matashin nan ya ga kuɗinsa na farko. Wannan ƙarancin ne ke tura ƙananan shafuka su cika kowane lungu da talla, su karɓi kowane irin mai talla, har da waɗanda manyan jaridu za su kora daga ƙofa.

Hujjar masu cewa sata ce

Tun kafin intanet ta bunƙasa aka fara wannan zargi. A 2002 Jamie Kellner, shugaban kamfanin talabijin na Turner a Amurka, ya ce mai tsallake talla ɓarawon shiri ne, domin akwai yarjejeniya tsakaninsa da tashar cewa zai kalla. Da aka matsa masa, ya amince cewa ana iya yi wa mai tashi ya zaga bayi uzuri. An yi masa dariya, amma hujjarsa ba ta mutu ba. A 2010 shafin Ars Technica ya gwada ɓoye rubuce-rubucensa ga masu toshe talla na ɗan lokaci, yana mai cewa kowane buɗe shafi yana ci masa kuɗi. A 2015 jaridar Bild ta Jamus ta rufe ƙofarta ga duk wanda bai kashe manhajar toshewa ba.

Bahaushe yana da misalin da zai auna wannan magana da shi, kuma kowa ya taɓa ganinsa a kasuwannin ƙauye. Mai magani yakan zo da lasifika, wani lokaci da maciji ko biri, ya tara jama'a da wasa da barkwanci. In taro ya yi taro, sai ya buɗe jaka ya fara talla. Wanda ya sha kallo ya juya ya tafi kafin a buɗe jakar, babu alƙalin da zai kira shi ɓarawo. Mai magani ne ya zaɓi ya baje kolinsa a fili, ya san wasu za su saya, wasu za su wuce. Haka mai sauraron rediyo da ke rage murya in an shiga talla bai ci amanar kowa ba. Hukuncin gidan kallon ƙwallo daban ne: akwai ƙofa, akwai mai karɓar kuɗi, kuma wanda ya tsallaka katanga ya san abin da ya aikata.

Shafin da aka bari a buɗe ya fi kama da dandalin mai magani. A fiƙihu ciniki yana ƙulluwa ne da yardar ɓangarori biyu da sanin abin da ake musaya. Malamin Fassi bai yi alkawarin komai ba, ba a gaya masa nawa ne za a ci daga datarsa ba, ba a faɗa masa kamfanoni nawa za a ba bayanansa ba. Cinikin da ɓangare guda bai san farashinsa ba, malamai gharari suke kiransa. Wayar tasa ce, datar da kuɗinsa ya saya, saboda haka yana da ikon zaɓar abin da zai sauka a cikinta. Kotu ma ta taɓa kallon lamarin ta wannan fuska. A watan Afrilun 2018 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke cewa manhajar Adblock Plus ba ta saɓa dokar gasar kasuwanci ba, a ƙarar da kamfanin Axel Springer, mai jaridar Bild, ya shigar. Kamfanin ya ci gaba da shari'a ta fuskar haƙƙin mallaka, amma kalmar sata ba ta samu gindin zama ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Ko da an yarda akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba, sai a tambayi wanda ya fara karya ta. Tallan jaridar takarda yana zaune inda aka ajiye shi. Ba ya ƙara wa mai karatu kuɗi, ba ya bin sa gida. Tallan intanet kuwa yana yin duka biyun, har da ƙari.

Na farko, yana cin dukiya. A watan Oktoban 2015 jaridar New York Times ta auna manyan shafukan labarai 50 a wayar hannu, ta gano fiye da rabin datar da ake sauke wa mai karatu ta talla ce da makamantanta. Ga wanda ke da intanet mara iyaka a ofis wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke sayen data ta kwana guda, musamman bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan haraji ne da ake cira daga aljihunsa ba da saninsa ba. Abin takaicin shi ne, kuɗin da ya ƙone wajen sauke tallan kamfanin sadarwa ne ya ci su, kuma zai yiwu su zarce abin da marubucin ya samu daga kallon nasa.

Na biyu, yana leƙen asiri. Tare da talla ake shigo da 'yan leƙe masu bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, kuma a watan Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar. Doka ta amince cewa bayanan mutum haƙƙinsa ne, to da wuya a zargi wanda ya rufe tagarsa da kansa.

Na uku, yana iya cutarwa kai tsaye. A watan Maris na 2016 an cusa tallace-tallace masu ɗauke da cutar kwamfuta a shafuka masu daraja irin su New York Times da BBC, ba da sanin masu shafukan ba. A watan Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka da kanta ta shawarci jama'a su sanya manhajar toshe talla, saboda 'yan damfara suna sayen gurbin talla su yi shigar burtu da sunan kamfanoni na gaskiya. A ƙasar da ta ga rushewar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025, inda masu ba da bashi ta waya suka shahara wajen tozarta mutane a gaban danginsu, ba a bukatar dogon bayani a kan haɗarin tallan da ke alkawarin kuɗin banza.

Na huɗu kuma ya shafi tarbiyya. A jihar da Hisba ke rufe shagunan caca, tallan caca yana shiga ɗakin kowa ta cikin waya, yana jiran yaro a gefen sakamakon wasan ƙwallo. Musulmin da aka umarta da runtse ido bai yi laifi ba don ya samu na'urar da ke taya shi. Hatta Ethan Zuckerman, wanda ya rubuta lambobin tallan nan mai faɗowa kan allo ba sallama, ya fito a 2014 ya nemi gafarar jama'a.

Abin da ake rasawa

Da a nan maganar ta tsaya, da hukunci ya yi sauƙi. Sai dai kuɓuta daga laifin sata ba ya nufin kuɓuta daga kowane nauyi. Akwai abin da alƙali ba zai tilasta ba amma mutunci ya wajabta, kamar ladan wanda ya taya mutum dakon kaya ba tare da an yi ciniki ba. Wanda ya wuce ta dandalin mai magani sau ɗaya daban yake da wanda ke zuwa kowace ranar kasuwa, ya zauna a sahun gaba, ya sha dariya, ya kuma rantse ba zai taɓa sayen ko ƙulli ɗaya ba. A watan Satumbar 2015, da Apple ya ba da damar toshe talla a iPhone, manhajar Peace ta Marco Arment ta zama ta ɗaya a kasuwa. Cikin kwana biyu ya janye ta da kansa, ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, domin tana yi wa mai laifi da marar laifi hukunci ɗaya.

Marar laifin nan a ƙasar Hausa shi ne ƙaramin shafi mai zaman kansa. Manyan kafofin Hausa na ƙetare, irin su DW da RFI da TRT Afrika, ƙasashensu ne ke ɗaukar nauyinsu, toshe talla ba ya girgiza su. Amma wannan rijiya ma tana iya ƙafewa dare ɗaya, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2025, lokacin da umarnin Shugaba Trump ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, har da sashenta na Hausa. Ko suna nan ma, ba aikinsu ba ne su bi diddigin rufin ajin da iska ta yaye a Kibiya, ko takin gwamnati da ya maƙale a hanya, ko asibitin da aka ƙaddamar ba ma'aikaci. Wannan aikin ɗan jaridar gida ne, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

In tallan ya daina kawo kuɗi, ɗan jarida ba ya daina jin yunwa, sai dai ya sauya mai ciyar da shi. Kano ta san wannan sarai. A gidajen rediyonta aka raini sojojin baka, masu sayen fili da kuɗin ubangida su yabi wannan su zagi wancan. Ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota ita ma daga wannan rami ta fito. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Tallan sabulu, komai ban haushinsa, ba ya hana a rubuta labarin kwangilar da aka yi watsi da ita. Kuɗin ɗan siyasa yana hanawa. Kuma tallan da aka ɓoye a cikin rigar labari, babu manhajar da ke iya toshe shi.

Akwai kuma wani rashin adalci da ba a cika lura da shi ba. Waɗanda suka fi sanin yadda ake toshe talla su ne masu ilimi da kwamfuta da albashi mai kauri: ma'aikacin banki, likita, malamin jami'a, ɗan ƙasar da ke zaune a Landan. Idanunsu ne suka fi tsada a gwanjo, kuma su ne data ba ta dama ba. In suka janye, sai mai shafi ya ninka tallan a kan waɗanda suka rage, wato masu ƙaramar waya da ƙaramar data. Ta haka mai hali ke karatu a shafi mai tsabta, talaka yana biya masa.

Su ma kamfanonin toshe talla ba duka ne waliyyai ba. Tun 2011 kamfanin Eyeo, mai Adblock Plus, yake da tsarin barin wasu tallace-tallace su wuce in sun cika sharuɗɗansa, kuma manyan kamfanoni suna biyansa kuɗi a kan haka. Mai gadin da ke karɓar na goro ya buɗe ƙofa ya zama dillali. Google kuma, wanda talla ce jarinsa, ya sa wa Chrome matatar talla a 2018, sannan ya tsananta yaƙi da masu toshewa a YouTube a 2023. Kowa a wannan fage yana kare tukunyarsa ne.

Mizani

Hukuncin da ya fi kusa da adalci yana duban abu biyu: halin mai karatu da halin shafi. Wanda data ke ci masa tuwo, ko yake kare kansa da iyalinsa daga damfara da alfasha, ya toshe, babu komai a kansa. Kawar da cuta yana gaba da jawo amfani. Shafin da ke kwafe aikin wasu, ya yi kanun ƙarya, ya lulluɓe shi da tallan caca, ba ya bin kowa bashi.

Wanda kuwa yake da hali, kuma akwai shafuka biyu ko uku da yake dogara da su kullum, nauyi ya hau kansa. Manhajojin toshe talla, irin su uBlock Origin, suna ba da damar a ware shafin da aka yarda da shi a bar tallansa ya bayyana, aikin daƙiƙa kaɗan ne. In tallan shafin ya wuce gona da iri, to a biya ta wata hanya: kuɗin rajista in akwai, ko gudummawa, ko mai sana'a ya kai tallan sana'arsa kai tsaye ba ta hannun dillali ba. In kuma shafi ya fito fili ya ce ba ya yarda a shiga da abin toshewa, to ya gina katanga ya sa ƙofa, ya tashi daga dandali ya koma gidan kallo. A nan mutum ya zaɓa: ya bi sharaɗi ko ya nemi labari a wani wuri. Neman dabarar tsallaka katangar shi ne ya fi kusa da abin da Kellner ya kira sata.

Masu shafuka su ma akwai abin da ke kansu. Su san abin da ake tallatawa da sunansu, domin dillalan talla suna ba da damar hana rukunin caca da makamantansa, kuma wanda bai hana ba ya zaɓa ne. Su kashe bidiyo mai kunna kansa. Su bambance talla da labari ƙarara. Su gwada shafinsu da ƙaramar waya a inda sabis ke da rauni, ba a ofis kaɗai ba. Su kuma koyi roƙon mai karatu kai tsaye ba tare da jin kunya ba. Jaridar Guardian ta Ingila ta bar shafinta a buɗe, tana neman gudummawar ganin dama, kuma ta rayu a kan haka tare da talla. Al'ummar da ke haɗa kuɗi ta gina masallaci, ta yi gayya ta yi adashi, ba baƙuwar ɗaukar nauyin abin da ya shafi kowa ba ce. Abin da ya rage shi ne ta ɗauki labari na gaskiya a matsayin irin wannan abu.

Malamin Fassi bai ci haƙƙin kowa ba. Ya kare naira 500 ɗinsa da idonsa, kuma matashin birni zai fi kowa fahimtarsa, tunda shi ma data yake saya. Wanda ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa hisabi shi ne ɗan garinsu da ya yi karatu ya samu aiki a Abuja, wanda ke buɗe shafin nan kowace safiya a kwamfutar ofis don ya ji labarin gida, bai taɓa ganin talla ɗaya ba, bai kuma taɓa tura ko naira ɗaya ba. Mutanen 1939 sun san farashin jaridarsu, suna miƙa shi da hannunsu. Kwabon yana nan har yau, an dai ɓoye shi ne, kuma duk ranar da mai karatu ya ƙi biya, akwai mai babbar riga da ke jira ya biya a madadinsa.